Aron Magulmaciya

Da ƙarfe biyu da minti goma sha ɗaya na ranar Talata, riga mai lamba 3172 ta saki sautinta cikin naman ƙirji, kamar yadda take yi sau ɗari a kowace awa. Sauti ne da kunnen mutum ba ya ji. Ya shiga, ya zagaya, ya dawo. A wannan karon bai dawo yadda ya tafi ba, ya ci karo da wani abu mai tauri wanda bai wuce ƙwayar gurjiya ba. Rigar ta sake aikawa, ta kuma sakewa. A karo na bakwai ta gamsu, ta tura saƙo ta saman rufin Zariya zuwa hawa na goma sha tara na ginin kamfanin da ya saƙa ta. Can wata babbar na'ura ta karanta, ta buɗe jerin masu tiyata, ta rubuta: Yahanasu Tukur, nonon hagu, a cire, Litinin da safe.

Ba a tambayi kowa ba. A shekarar 2088 tambayar ɗan Adam ta zama abin da ake yi don ladabi kawai, kamar sallama a kango.

Sunan rigar a takarda Rigar Sauraro. 'Yar shara ce mai laushi da ake sawa ƙarƙashin kaya, kuma ana ba da ita ga duk macen da aka cire wa nono ɗaya saboda sankara. Dalili kuwa, cutar nan ba ta san an yi ban kwana ba. Sai a yi shekaru ana hamdala, sai ta ɓullo a ɗaya ɓangaren. A da, mace takan koma asibiti duk shekara, ta bi layi, ta tuɓe gaban baƙo a ɗauki hoto, kuma rabinsu ba sa komawa sai abu ya fashe. Rigar ta kawar da wannan. Gefen da nono ya rage an saƙa shi da zaren sauraro, gefen da aka yanke kuma aljihu ne da ake cusa soso don ƙirji ya daidaita. Shekara shida ba a kama ta da kuskure ba, har likitoci suka daina ɗibar nama a gwada kafin a yi aiki. Matan gari dai ba su taɓa kiranta da sunan takarda ba. Magulmaciya suke ce mata, tunda duk abin da ta ji a jikinki sai ta kai ofis.

Jazuli Hambali na cikin masu karɓar gulmar. Shekararsa hamsin da uku, yana da digiri biyu da sanƙo ɗaya da gwiwar da ke sanar da zuwan ruwa tun kafin hukumar yanayi. Ya shiga kamfanin ne da niyyar ƙirƙiro abin da zai sa yara su haddace sunansa a makaranta. Abin da ya ƙirƙiro cikin shekara ashirin shi ne soson nan na aljihu, kuma ko shi ba a rubuta sunansa a jiki ba. Aikinsa na yanzu shara ce. Zaren rigar yana jiyo bugun zuciya tare da abin da ake nema, na'ura kuma ba ta da buƙatar zuciya, sai ta ɓare ta ta jefa cikin wani rumbun bayanai da ake kira juji. Jazuli ke kwashe jujin duk ƙarshen wata. A katinsa an rubuta Babban Jami'in Tace Sauti. Matarsa, Shafa, ta ce mai kwasar bola ne da Allah ya ba kwandishan.

Ranar Laraba da safe ya ga sunan a allo. Yahanasu 'yar kawunsa ce, taubashiyarsa, wadda tun suna wasan ƙasa take kiransa bawa. Shekara huɗu da suka wuce aka cire mata nonon dama, shi ya kai ta asibiti, kuma shi ta zaga tun daga gida har bakin ɗakin tiyata don kada a gane tana jin tsoro.

Zama ya gagare shi. Ya tashi ya leƙa taga, jiragen igiya masu ɗaukar fasinja a sama na wucewa daga Ƙofar Doka zuwa Samaru kamar jerin shanya. Ya haɗa shayi ya manta shi. Ya sake haɗa wani. A ƙarshe ya buɗe juji, domin duk ginin nan shi kaɗai ne wurin da yake da ikon buɗewa ba tare da neman izini ba.

Shekara huɗu zuciyar Yahanasu tana bugawa ƙarƙashin zaren kamar kalangu, tunda zaren a hagu yake, daidai kanta. Ya nemo ta ranar Talata, ƙarfe biyu da minti goma sha ɗaya, ya sa a kunne. Can nesa ya jiyo ta, kamar daka a gidan maƙwabta. Ko dai zuciyar ta yi ƙaura, ko kuma zaren a dama yake a lokacin. Yahanasu kuwa ba ta da komai a dama sai tabo.

Ya koma baya ya saurari ta ranar Litinin. Zuciya mai ƙarfi, amma mai sauri irin ta budurwa. Lahadi, wata mai nauyi da ke tsallake bugu ɗaya cikin goma. Kafin azahar ya ƙirga zuciya goma sha tara a riga guda.

Ya san dalilin da ya sa na'urar ba ta lura ba, kuma sanin bai yi masa daɗi ba. Shekara uku baya, cikin azumi, mata sun rame, rigunan suka dinga kururuwar ƙarya cewa jiki ya canja. Wani haziƙi ya ƙara wa na'urar haƙuri, ya koya mata cewa jikin mace yana hawa yana sauka, ta ji da neman tauri kawai. An ba haziƙin takardar yabo. Tana rataye a bayan kujerar Jazuli.

Ya hau sama wurin shugaban sashen, Dakta Nafi'u, wanda aka haifa shekarar da Jazuli ya gama digirin farko.

"Baba Jazuli, zuciya ba hujja ba ce. Shara ce, kai ka fi kowa sani."

"Ranka ya daɗe, za a yanka matar da lafiyarta ƙalau."

"Na'ura ba ta soke layi. Ta ji ƙari, ƙarin kuwa yana jikin wata. Abin da za ta yarda da shi kawai a sauya suna. Kawo mini suna kafin Litinin, in sauya."

"In ban samu ba fa?"

Dakta Nafi'u ya buɗe tafin hannuwansa biyu, ya koma kallon allonsa.

Bayan la'asar Jazuli ya sauka daga jirgin igiya a Ƙofar Gayan, ya ƙarasa sauran tafiyar da ƙafa, gwiwa tana yi masa wa'azi. Ya sami Yahanasu a tsakar gida tana tsintar wake a faifai. Na'urar shara da ɗanta ya aiko mata tana gefe, an lulluɓe ta da tsohon zane an ɗora mata buta.

"Bawa, ɗaukar gawa ka zo? Ka yi gaggawa, sai Litinin."

"Uwar ɗakina, wa kika ba rigar ranar Talata?"

"Ba gaisuwa? Haka aka koya muku a bene?"

Ya durƙusa iya abin da gwiwa ta yarda, ya gaishe ta, ya tambayi jiki da yara da zafi. Ta amsa ɗaya bayan ɗaya, tana ja da gangan.

"Mata goma sha tara, Yahanasu. Na ji zuciyoyinsu da kunnena."

"Ashirin da uku. Tun kana firamare lissafinka bai taɓa cika ba."

"Rigar asibiti ce fa, ba leshin biki ba."

"To wa ya ce ku yi ta da kyau?" Ta watsar da wata tsakuwa. "Ku kuka ce sai an yanka mace ake ba ta mai gadi. Wadda ba a yanka ba fa? Ta je ta tuɓe gaban allo, hotonta ya hau sama inda irinku ke shan shayi? Ba za su je ba, ka san ba za su je ba. Nan kuwa mace ta zo kamar aron rariya, ta naɗe a mayafi ta tafi. Ta zare soson, ta sa rabin yini daidai, rabin yini bai-bai, kowane gefe ya samu rabonsa. In Magulmaciya ta yi shiru, sai ta kwana da daɗin rai. Shekara uku muna haka."

Jazuli ya tuna taron da aka yi a kamfani. Injiniyoyi arba'in sun yi taro sun ce riga mai duba gefe biyu ba za ta yiwu da araha ba. Babu wanda ya yi tunanin juya ta.

"Ba ni sunanta."

"Ka taɓa zuwa gidan biki ka ga mai zane ta nuna wata ta ce wancan nawa ne?"

"Wannan ba zane ba ne."

"Ya fi zane. Mai aro ta ba ni sirrin cikin rigarta, in miƙa maka ka kai bene? Na aika mata sau biyu. Ta san ita ce. Ta ce in ba ta zuwa Lahadi."

"In Lahadi ta yi ba ta fito ba?"

"Sai in je a cire. Ɗaya da babu, ai duk ba goyo gare ni ba."

Ta faɗa da dariya, amma hannunta ya bar waken ya tafi ƙirjinta na hagu ya zauna, kamar mai rarrashin yaro. Ya lura idanunta sun faɗa.

"A cire naki a banza, ita kuma ta zauna da nata har ya cinye ta."

"Kana tsammanin ban sani ba? Tun jiya ko koko bai wuce mini nan ba."

"Me ya hana ta fitowa? Tsoron wuƙa?"

"Miji."

"Duka yake yi?"

"Da duka ne ai da sauƙi, sai a kai shi wurin mai unguwa. Mutumin kirki ne. Mai karatu. Ya san cikin komai ban da cikin gidansa. Sau uku tana buɗe baki za ta gaya masa."

Jazuli ya ja tsaki. "Irin waɗannan ɗaure su ya kamata a riƙa yi."

Yahanasu ta daɗe tana kallonsa. "Wallahi kuwa," ta ce.

Da zai tashi ya ga ƙirjinta na dama ya karkace, wani lanƙwasasshen ɗankwali yana leƙowa ta wuyan riga. Abin ya sosa masa rai fiye da yadda ya kamata.

"Ina sosona?"

"Mai aro ta manta ba ta haɗo da shi ba. Tafi, bawa, kana tare mini haske."

Alhamis ta wuce masa a tsaye. Ya rubuta sunayen matan layin su Yahanasu da ya sani, ya soke, ya sake rubutawa. Ya saurari dakan nan na gidan maƙwabta har sau talatin, yana neman alama, bai ji komai ba sai zuciya mai bin ƙa'ida da ke ɗan sauri kamar ta mai ɓoye abu. Ya tsara wasiƙa zuwa hukumar asibiti, na'urar karɓar wasiƙu ta gode masa ta ce za a duba cikin kwana ashirin da ɗaya. A gida ya ci tuwo yana ba Shafa labarin sakarcin mazan zamani, ita kuma tana ƙara masa miya.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci gwiwar ta kumbura, saboda hawa da saukar da ya yi ta yi. Ya nemi man zafi inda ya saba ajiyewa bai gani ba. Ya shiga ɗakin Shafa ya ja durowar da take tara irin waɗannan tarkace. Ƙarƙashin wasu hijabai hannunsa ya taɓa abu mai laushi. Tun kafin ya fito da shi yatsunsa sun gane shi. Huda uku ne a bayansa, shi ya sa su don gumi ya samu hanya, ya yi wata biyu yana jayayya da masu zane kafin su yarda.

Ya tsaya a wurin da soso a hannu, mutumin da ya ce a ɗaure.

Shafa tana bakin kicin tana yanka alayyahu. Shekara ashirin da shida suna tare. Ya ajiye soson a gefen tire. Wuƙar ta tsaya, sannan ta ci gaba, a hankali.

"Tun yaushe?"

"Tun bayan babbar sallah."

"Wata biyar, Shafa."

"Na gaya maka, Malam."

"Yaushe?"

"Ranar da ka dawo da takardar ƙarin girma da ba a ba ka ba. Na ce ina jin wani abu a nan. Ka ce in yawaita shan ruwa. Na biyu kana gyara rediyon motarka, ka ce uhm. Na uku na ce maka wata ƙawata ce ta ji ƙullutu, sai ka zaunar da ni ka yi mini lacca har magariba a kan yadda sauti ke ratsa nama. Har da zane a bayan kalanda."

Ya tuna zanen. Ya yi kyau ma.

"Me ya sa da Yahanasu ta aiko ba ki fito ba?"

"In na fito sunana zai hau allonka. Abokan aikinka su ce ga matar mai sauraron matan gari." Ta share hannunta a zane. "Ina neman yadda zan yi ne ba tare da an yi maka dariya ba."

Jazuli ya matso kusa da ita. Ya zauna a ƙasa, kan siminti, gwiwa ko oho. Ya ɗauki sauran alayyahun ya fara tsinkewa, yana zubar da ganyen yana tara karan, har ta karɓe.

"Bari, za ka sa mu kwana da yunwa. Ka kai sunan."

An sauya suna ranar Asabar. An yi wa Shafa aiki ranar Litinin a gadon da aka tanadar wa Yahanasu, aka cire nonon dama. Likita ta ce an kama shi da sauran lokaci, da an ƙara wata shida da labarin ya bambanta. Yahanasu ta zo dubiya da kunun gyaɗa, ta karɓi sosonta, ta ce wa Jazuli ko bayi ana samun masu amfani jefi-jefi.

Amma juji ya riga ya buɗu. Dakta Nafi'u ya sa aka tona shi gaba ɗaya. Riguna dubu huɗu ne a Zariya, aka sami zuciya dubu talatin da ɗaya. Ashe ba Yahanasu kaɗai ba ce. Kuma ashe sau da yawa in riga ta yi ƙara, mai ita takan san ba ita ba ce, ta ƙi zuwa, ta ja mai aron ta kai ta wani asibiti a asirce. Raguwar mace-macen da aka ba kamfanin lambar girma a kanta, rabinta daga aro ta fito.

A taron da aka kira, Jazuli ya miƙe ya ce to a saƙa wa kowace mace tata. Aka ce shawara ce mai kyau, za a kafa kwamiti. Abin da ba zai jira kwamiti ba shi ne an kusa yanka mace mai lafiya, kuma doka ba ta wasa da wannan. Dole kowace riga ta san mai ita. Da me za ta gane ta? Da zuciya. Wa ya fi kowa sanin zuciya a ginin nan?

Duk suka juyo suna kallonsa. Shekara ashirin yana jiran irin wannan kallon.

Ya gaya wa kansa in bai yi ba wani zai yi, kuma zai yi shi da muni. Wataƙila ma gaskiya ne. Ya gama cikin kwana tara, kuma babu amfanin ɓoyewa, shi ne aiki mafi kyau da ya taɓa fita daga hannunsa. Ko 'yan biyu ba za su yaudare shi ba. Aka tura shi ta iska zuwa riguna dubu huɗu a safiya guda. Kamfani ya sa masa suna Kwaɗon Jazuli, tunda yana kulle riga ga mai ita kaɗai, aka fara saƙa sunan da ƙananan haruffa a wuyan kowace sabuwar riga.

Bayan wata uku, da tabo ya warke, aka kawo wa Shafa tata.

Wata Asabar da hantsi Jazuli yana zaune a baranda yana shafa man zafi, ƙanwar Shafa, Uwani, ta yi sallama. Ta gaishe shi a gurguje, ba ta tsaya tsokanarsa kan sanƙo ba kamar yadda ta saba. Suka shige ɗaki da yayarta aka turo ƙofa. Ya ji ƙus-ƙus, ya ji an ja durowa, sannan shiru.

Sai wata murya mai taushi ta fito ta taga. Shi ya zaɓi muryar, shi ya zaɓi kalmomin, ya yi kwana biyu yana gyara su don kada su yi kaushi.

"Yi haƙuri, baiwar Allah. Ba ke ba ce."

Uwani ta fito tana gyara mayafi. Ta ce dama wucewa take yi, ta bar girki a wuta. Hannunta na hagu yana manne da haƙarƙarinta, kamar mai riƙe da abu a hammata. Ya ce ta tsaya ya kai ta asibiti, yanzu-yanzu. Ta yi dariya ta ce asibitin me, Yaya, lafiyarta lau, ta fice.

Shafa ta fito da rigar a ninke, ta tsaya a kansa.

"Malam, abin naka ya yi aiki."

"Ya yi."

Ta ɗora masa rigar a kan gwiwar da ke ciwo, wuyan yana sama, daidai inda zai iya karantawa, ta ɗauki mayafinta ta bi bayan ƙanwarta.